Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Yana Bukatar Lissafi

Jawabin da aka gabatar a taron malaman firamare na yankin Farin Dutse, Ƙaramar Hukumar Gwaram, a ƙarshen zangon karatu

  



An ba mu wannan dama ne mu yi magana a madadin mu uku, waɗanda raɗe-raɗi ya bazu cewa za mu ajiye alli mu koma aikin asibiti. Maganar ta yi yawo a ofisoshin makarantu da bakin kasuwa, har ta isa gidajenmu kafin mu kanmu mu isa. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu tsaya gabanku mu faɗi abin da ya faru, da abin da muka bincika, da abin da muka gano, domin mun san ba mu kaɗai ne wannan tunani ya taɓa ɗarsuwa a zukatansu ba.

Asalin maganar ƙaya ce. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka koya mana karatu, wanda da yawa a nan suka sha bulalarsa kuma suka ci albarkacinta, ya tafi gonarsa da damina kamar yadda ya saba tun da ya yi ritaya. Ƙaya ta huda silifas ɗinsa ta shige tafin ƙafa. Bai ji zafi ba, don haka bai duba ba. Sai da aka yi kwanaki, iyalinsa suka ga jini a tabarma, sannan aka lura. Aka sa magani na gida, aka ɗaure da tsumma, aka ce gyambo ne zai warke. Lokacin da aka kai shi asibiti, yatsu biyu sun riga sun yi baƙi. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma daga ƙarshe sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ashe shekaru ya yi yana ɗauke da ciwon suga bai sani ba.

Mun je dubiya mu uku. A hanyarmu ta dawowa babu wanda ya iya magana, sai can ɗayanmu ya ce: wannan mutum ya tsaya a kan ƙafar nan shekara talatin da biyar yana koyar da mu, amma a cikin dubban ɗalibansa ba a samu ko ɗaya da ya san ya ce masa, Malam, kawo ƙafarka in duba ba. Daga wannan magana bincikenmu ya fara.

Abu na farko da muka gano shi ne, kula da ƙafa fanni ne mai zaman kansa a wasu ƙasashe, yana da makarantunsa da likitocinsa. A Amurka, mai son zama likitan ƙafa sai ya fara yin digiri na farko, ya ci jarrabawar shiga makarantun likita, ya yi shekara 4 a kwalejin likitancin ƙafa, sannan ya ƙara shekara 3 yana samun horo a asibiti. Idan aka haɗa da digirin farko, shekara 11 ke nan. A Ingila digiri ne na shekara 3, kuma sun tanadi wani kwas na share fage na kimanin shekara 1 domin manya da suka daɗe da barin makaranta, wanda ta nan ne mutum mai iyali da furfura kan shiga jami'a. A nahiyarmu, Jami'ar Johannesburg ta Afirka ta Kudu tana da sashen da ke koyar da wannan fanni. Da muka ɗora kuɗin jirgi da na makaranta da na masauki a kan albashin malamin firamare, sai muka yi dariya muka rufe littafin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sai dai dariyar ba ta kashe maganar ba. Mun tambayi kanmu: wane ne yake yin wannan aiki a ƙasarmu? Amsar ita ce, aikin a rarrabe yake a hannun mutane da yawa. Likitan ƙashi yana yin wani ɓangare, ma'aikacin jinya yana wanke ciwo ya ɗaure, mai gashin ƙashi yana koya wa wanda aka yi wa aiki tafiya, mai haɗa ƙafar roba yana auna dungu ya ƙera. A ƙauye kuwa, wanda ya fara ganin ƙafar shi ne ma'aikacin ƙaramin asibiti, in ma ba wanzami ko mai ɗori ko yaro mai yankan farce ya riga shi ba. Wannan matakin farko shi ne inda ake ceton ƙafa ko a rasa ta.

Ku ba mu dama mu yi ɗan darasi, tunda dai malamai ne mu. Idan suga ya daɗe yana da yawa a cikin jini, yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Mutum sai ya taka ƙusa, ko yashi mai zafi, ko ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta da hunturu, bai ji komai ba. Ciwon kuma yana ƙuntata hanyoyin jini, don haka rauni ba ya samun abin da zai warke da shi da wuri. Ƙwayoyin cuta su shiga, su yaɗu, nama ya mutu. Ƙungiyar da ke lura da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sauƙin gwajin. Akwai wani siririn zare na roba da ake dannawa a tafin ƙafa da nauyin giram 10. Idan mutum bai ji taɓawar ba, an san ƙafarsa tana cikin haɗari tun kafin ciwo ya fito. Gwajin ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar inji, mintuna kaɗan ne. Abin da yake bukata shi ne mutum mai horo da zai durƙusa ya duba.

Ba masu suga kaɗai ba. Cikin kowace haihuwa 1,000 akan samu kimanin jariri 1 da ƙafarsa ta murɗe ciki. Da yawanmu mun taɓa samun irin wannan yaro a aji, yana tafiya a kan gefen ƙafa, yara suna yi masa dariya. Alhali akwai hanyar gyara da wani likita mai suna Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa ta Amurka: a riƙa miƙe ƙafar a hankali ana ɗaura filasta mako-mako, sau da yawa a ɗan yanka jijiyar dunduniya, sannan yaro ya riƙa sa takalmi na musamman har ya yi shekaru kaɗan. Idan an fara tun yana jariri, yaron kan yi gudu da tsalle kamar kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan karin maganar ba misali ba ce, zahirin aikin ke nan.

Da muka fahimci haka, sai muka duba ƙofofin da ke kusa da mu. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Birnin Kudu, a garin da Cibiyar Lafiya ta Tarayya take. Akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun, inda ake horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda aka fi sani da CHEW, karatun shekara 3, da ƙannensu JCHEW, shekara 2. Akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da makarantar koyon ɗaurin filasta. Akwai sashen gashin ƙashi a Jami'ar Bayero, karatun da ba ya gaza shekara 5. Mai son ƙera ƙafar roba da takalman gyara a matakin digiri, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri tana koyar da shi. Ƙofofi dai akwai su. Tambayar ita ce, wacce daga ciki mai shekara 43 da 'ya'ya bakwai zai iya shiga ya fito?

A nan ne lissafi ya shigo, kuma shi ne ainihin abin da muka zo faɗa muku. Mun ci karo da shingaye guda biyar.

Shinge na farko takardar sakandare ce. Kusan duk waɗannan makarantu suna neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik, kuma a zama ɗaya ko biyu kawai. Mu kuwa da yawanmu a Gumel Hausa da Ilimin Addinin Musulunci muka haɗa, ko Nazarin Zamantakewa, ko Ilimin Firamare. Takardarmu ta NCE tana da daraja a aji, amma ba ta maye gurbin Kemistiri. Wanda bai da su sai ya koma ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, a benci ɗaya da yaran da ya koya wa a, ba, ca. Wannan yana bukatar aƙalla shekara 1 ta karatun dare, kuma yana bukatar a haɗiye girman kai.

Shinge na biyu hanyar shiga ce. A 'yan shekarun nan kwalejojin jinya da yawa sun koma tsarin difloma ta ƙasa, shigarsu ta hannun JAMB take, jarrabawar kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Wanda yatsunsa suka saba da alli kaɗai sai ya koyi linzamin kwamfuta kafin ranar. Wasu makarantun kuma sukan sa iyakar shekaru a cikin tallarsu. Muna ba kowa shawara ya karanta tallar daga farko har ƙarshe kafin ya fitar da ko kwabo na fom, domin kuɗin fom ba ya dawowa.

Shinge na uku izinin tafiya ne. A ƙa'idar aikin gwamnati, hutun ƙaro karatu da albashi an fi bayar da shi ga karatun da ya shafi aikin da mutum yake yi. Malamin da zai je ya yi digiri a fannin ilimi hujjarsa a fili take. Wanda zai je ya koyi aikin lafiya kuwa, tamkar yana roƙon hukuma ta biya masa kuɗin motar barin ta ne. Abin da ya fi yiwuwa ya samu shi ne hutu ba albashi. To, shekara 3 ba albashi, wa zai auno hatsi? Wa zai biya kuɗin makarantar yara? Wa zai sayi taki da damina?

Shinge na huɗu shekaru ne da fansho. Mu ɗauki malamin da ya kama aiki yana da shekara 23, yanzu yana da 43. Ya ci shekara 20 a aiki. Shekara 1 ta gyaran takarda, shekara 3 ta kwaleji, zai fito yana da 47. A ƙa'idar da aka saba, ma'aikaci yana ritaya ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shekara 35 ta wannan malami za ta cika yana da 58. Ke nan shekara 11 ce ta rage masa a sabon aikin, kuma zai fara ne a matsayin sabon shiga, ƙarƙashin wanda ya haifa. A ɗaya gefen kuma, a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 da kama aiki. Wanda ya bar koyarwa ya bar duk wata moriya da wannan doka za ta iya kawo masa. Ga kuma gudummawar da aka yi shekara 20 ana cira daga albashinsa zuwa asusun fansho na jiha da ƙananan hukumomi. Kada kowa ya ɗaga ƙafa sai ya riƙe takarda a hannu da ke bayyana makomar wannan kuɗi da ta shekarun aikinsa. Maganar baki, ko ta wane ce, ba ta shiga fayil.

Shinge na biyar shi ne ya fi nauyi, domin ba a ofis yake ba, a zuciya yake. Idan muka tafi, wa zai shiga ajin? Kowa a nan ya san makarantar da malami ɗaya yake riƙe da aji biyu, yana ba wannan aiki ya tsallaka wancan. Malamin da ya yi shekara 20 yana koyar da aji ɗaya ya san yadda ake kama hannun yaro a koya masa riƙe fensir, ya san yaron da yunwa ta hana shi fahimta da wanda ido ne ke damunsa. Wannan sani ba a saye shi a kanti. Idan ya tafi, ba kujera kaɗai ya bari ba. Kuma kada mu manta, ma'aikacin lafiyar da muke kukan rashinsa daga ajin firamare yake fitowa. In aka rushe tushe don a ɗaga katanga, ginin duka ne zai zube.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da niyya. Akwai mai son tafiya saboda ƙafar dattijon nan ta hana shi barci. Akwai kuma mai son tafiya saboda ya gaji da jiran ƙarin girma, yana ganin albashin ma'aikatan lafiya ya fi tsoka. Ba mu zargi na biyun ba, domin neman halal ba laifi ba ne. Amma aikin ƙafa aikin durƙuso ne. Akwai wari, akwai ruɓaɓɓen nama, akwai kwanan asibiti, akwai ranar da za ka gaya wa magidanci cewa ƙafarsa ba za ta tsira ba. Wanda albashi kaɗai ya kai shi, wata uku zai fara kewar hayaniyar yara.

Duk da haka, ba mu zo mu karya gwiwar kowa ba. Babba yana da abin da yaro ɗan shekara 18 bai da shi. Rabin aikin kula da ƙafar mai suga koyarwa ce: ka zaunar da dattijo ka fahimtar da shi, cikin harshensa, ba tare da ka raina shi ba, cewa ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya daina yawo ba takalmi, kada ya yanke kaushi da reza, kada ya tsoma ƙafa a ruwan zafi sai ya gwada da gwiwar hannu. Wa ya fi malamin firamare iya maimaita magana sau goma ba tare da ya ƙosa ba? Wa mutanen gari suka fi yarda da shi? Mun ga yadda aka kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shaida a 2013. Ba da allura aka yi wannan yaƙi ba, domin kurkunu ba shi da rigakafi. Da tace ruwa da wayar da kai aka yi shi, gida-gida, ƙauye-ƙauye. Irin wannan aiki jininmu ne.

Saboda haka muna gabatar wa reshe da buƙatu guda biyar.

Na ɗaya, shugabanni su rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, su nemi bayani a rubuce kan hutun ƙaro karatu a fannin da ba na koyarwa ba, da sauya wurin aiki zuwa ɓangaren lafiya, da matsayin fansho. A buga amsar a wannan mujalla, kowa ya karanta da idonsa.

Na biyu, a buɗe ajin yamma na kimiyya. Muna da 'yan uwa a cikinmu da suka karanta Bayoloji da Kemistiri da Fizik a kwaleji. Kwana biyu a mako, a aji ɗaya, ya isa a fara. Ko wanda ba zai bar koyarwa ba zai amfana, domin darasin kimiyyarsa zai ƙara armashi.

Na uku, asusun taimakon juna na reshe ya ware wani kaso na rance marar ruwa domin kuɗin jarrabawa da fom, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi.

Na huɗu, mu yi wa kanmu ƙa'ida: kada malamai biyu su bar makaranta ɗaya a shekara ɗaya, kuma mai tafiya ya sanar tun zango guda kafin lokaci, domin a nemi madadinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, kowace ranar 14 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar ciwon suga ta duniya, reshe ya gayyaci ma'aikatan lafiya su auna mana suga su duba mana ƙafafu, mu da iyayenmu da suka yi ritaya. Mu da muke wuni a tsaye gaban allo mun fi kowa bukata.

Akwai kuma abin da ba ya jiran amincewar kowa. Sau biyar a rana muke wanke ƙafafunmu a alwala. Mu mayar da wannan lokaci na duba tsakanin yatsu da dunduniya, mu tsane su da kyau, mu koya wa iyayenmu haka. A layin safe, yadda muke duba farce da haƙora, mu ƙara da ƙafa: faso, da sartse, da ciwon da ya ƙi warkewa, da yaron da ke ɗingishi. Idan an yi haihuwa a unguwa aka ga ƙafar jariri a murɗe, mu ce a tafi asibiti tun kafin suna, kada a jira ya fara tafiya. Wannan ba ya bukatar kiredit 5.

Kun cancanci ku ji inda mu ukun muka tsaya. Ɗaya ya yanki fom ɗin jarrabawar sakandare, yana karatun Kemistiri bayan isha'i, 'yarsa ta babbar sakandare ce take yi masa bita, kuma ta fi shi tsanani. Ɗaya ta zauna da maigidanta sun yi lissafi, sun ga shekara 3 ba albashi za ta fitar da yara biyu daga makaranta, ta haƙura. Ita ce ta fara duba ƙafafu a layin safe a makarantarsu, kuma ta ce za ta sa ɗanta na fari a hanyar Jahun. Na uku yana nan yana istihara. Ba za mu faɗa muku wanne ne yake tsaye a gabanku ba, duk da mun ga wasu suna murmushi. Abin da muke so ku riƙe shi ne, babu wanda ya yi kuskure a cikin ukun, domin kowa ya yi lissafinsa da idonsa a buɗe.

Dattijonmu yana nan da rai. Yana zama a ƙofar gida da sandunansa a jingine, yara suna kawo masa allunansu. Da muka gaya masa abin da ƙafarsa ta jawo, sai ya yi dariya ya ce in dai za mu je, mu tabbata mun bar wanda zai koya wa jikokinsa karatu. Mun yi masa alkawari, kuma a gabanku muke maimaita shi.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa wannan lalura ta zama kaffara. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya yi wa zuri'arsu albarka. Wanda zai tafi, Allah Ya ba shi sa'a. Wanda zai zauna, Allah Ya ƙara masa juriya.